Abin da Yaya Ta Ƙi Gogewa

Yayata ta yi shekara talatin da huɗu tana zama a wani ɗan tebur da ke ƙasan kujerar shugaban majalisa, amma ko sau ɗaya ba a taɓa jin muryarta a zauren ba. Aikinta shi ne rubuta duk abin da 'yan majalisa suka faɗa, ba ragi ba ƙari. Ni ƙanwarta ce, shekara tara ta ba ni, kuma malamar makaranta ce ni har na yi ritaya. Abin da zan faɗa a nan, wani na gani da idona, wani kuma sai da aka daɗe ta gaya mini da bakinta, don Yaya ba ta saurin buɗe ciki.

Tana da shekara ashirin da biyu ta fara aikin. Ofishinsu yana ƙasan bene, bayan ɗakin karatu, tebur shida ne a jere, da taga ɗaya mai kallon inda ake ajiye motoci. Fankar silin tana kwashe takardu, saboda haka kowa yana da ɗan dutsensa na danne takarda. Minti goma-goma suke yi a zaure. Mutum ya shiga da littafinsa da fensir biyu da aka feƙe ta kowane gefe, ya yi ta zuba irin rubutun nan nasu na gaggawa mai ƙugiyoyi da ɗige-ɗige, in lokacinsa ya cika na bayansa ya taɓa masa kafaɗa, ya tashi ya koma ofis ya buga a tafireta tun maganar tana da zafi a kunnensa. Daga baya aka kawo rakoda, aka kawo kwamfuta, amma Yaya ba ta taɓa shiga zaure ba littafi ba.

Aikin ya bi ta har gida. A gidanmu babu mai son yin gardama a gabanta, domin da ka ce "ni ban ce haka ba," sai ta ɗago kai ta maimaita maka maganarka tiryan-tiryan, har da tarin da ka yi a tsakiya. Mahaifiyarmu takan ce, "Ke dai Allah ya sa ba ke za a ba littafina ranar lahira ba."

Mijinta soja ne, bakanike a sashen motoci. Kofur ne lokacin da suka yi aure, amma Saje kowa ya san shi da shi har ya bar duniya. Duk shirun Yaya, shi Allah ya ba wa maganar. In ya shigo gida tun daga matakala za ka ji shi yana tsokanar matan maƙwabta, hannunsa na ƙamshin man inji ko da ya wanke da sabulu sau uku. Ni kuwa Hedimasta yake kirana tun ina ɗaliba.

"Hedimasta, yau 'ya'yan mutane nawa kika zane?"

"Kai motocin gwamnati nawa ka ƙarasa kashewa?"

Ɗaki biyu aka ba su a bene na biyu cikin bariki, igiyar shanya a baranda, famfo a ƙasa. Sai da suka shekara shida kafin Allah ya ba su haihuwa, mace, kuma daga ita ba a sake ba. Shi ya sa muke kiranta Tilo.

Tilo na da shekara huɗu yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa mai nisa da mu, gwamnati ta kawo buƙata gaban majalisa a yarda a tura bataliya guda aikin kiyaye zaman lafiya. Kwana uku aka yi ana muhawara. Ministan tsaro na lokacin ya ce mun sa hannu a yarjejeniya, in muka noƙe yau, ranar da tamu ta taso babu mai waiwayarmu. Masu adawa suka ce iyakokinmu ma ba su da isassun sojoji, kuma wa zai ba yaranmu umarni a can, yaushe za su dawo? Yaya tana zaune tana rubuta wannan, tana rubuta wancan, alhali ta riga ta san sunan Saje yana cikin jerin, don bataliya ba ta tafiya ba bakanike. A hannunta ƙuri'ar ta faɗo, don lokacin ita ce a zaure. Ta rubuta adadin waɗanda suka amince da na waɗanda suka ƙi, aka taɓa mata kafaɗa, ta koma ofis ta buga, ta duba kuskure, ta miƙa. Sannan ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa ta zauna a ƙasa. Matar da ke share ofishin ce ta ƙwanƙwasa ta ce mata an tashi.

Wata goma sha huɗu Saje ya yi. Wasiƙunsa kan zo uku-uku a haɗe bayan an yi sati shida ba labari, cike da raha, wai abincin can ko injin niƙa ba zai iya da shi ba. Ya dawo da ƙafafunsa, amma ba da kunnuwansa ba. Tankar ruwan da ke gaban motarsa ce ta taka nakiya. Direbanta, abokinsa tun daga horo, ko gawarsa ba a samu a haɗe ba. Kunnen Saje na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama kuma sai an matso an ɗaga murya.

Mun zaci zai dawo yana tsine wa waɗanda suka tura shi. Sai ga shi ya dawo yana kare su. Yakan ba da labarin wani asibiti da suka tarar janaretansa ya shekara a mace, ana yi wa mata tiyata da tocila. Ya kwana biyar yana ciro kayan gyara daga wata ƙonanniyar babbar mota har injin ya tashi. Da kuma labarin wata gada da mata ba sa iya tsallakawa zuwa kasuwa sai in motocin sojoji na tsaye a bakinta.

"Tura ni aka yi, ba ni na nema ba," in ji shi, da ƙarfi, don tun da ya kurumce ba ya jin ƙarar muryarsa. "Amma duk shekarun da na yi a ƙarƙashin mota, wannan janareta ne aikin da zan iya nuna wa Ubangijina."

Yaya kuwa ta ƙi. Ita ta san abin da bai sani ba. Ita ce ta rubuta alkawuran da aka yi a zaure ranar da za a tura su, kuma ita ce ta zauna a zauren shekarar da ta biyo baya tana jira wani ya miƙe ya tambayi halin waɗanda suka dawo da rauni. Mutum ɗaya ne ya tambaya, aka ce lokacin tambayoyi ya ƙare.

"Sun ɗaga hannu sun sauke, sun tafi cin abinci," takan ce masa a kunnen dama. "Kai kuma ga ka nan ko kukan 'yarka ba ka ji."

"Ai hutu na samu," ya ce. "Faɗanki ma rabi nake ji."

Haka suka yi shekaru, gardamar majalisa ta tare a falonsu. Ba ta taɓa kai su ga ɓacin rai ba, amma kuma babu wanda ya matsa daga inda yake. Aka sallami Saje daga soja saboda kunnen, suka bar bariki, ya buɗe gareji a wata kwana kusa da tashar motoci. Kullum ƙarfe huɗu da rabi yakan wanke hannu ya tafi ɗauko Yaya da wata tsohuwar motarsa da ba ta tashi sai shi ya taɓa ta.

Tilo ta taso tsakanin uwa mai shiru da uba mai labari, kuma labarin ne ya ci ta. Ta yi karatun jinya, tana gamawa ta cike takardar shiga soja ba ta shawarci kowa ba. Ranar da ta zo gida da kaki, Saje ya miƙe ya sara mata yana dariya har da hawaye. Yaya ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce, "Rigar ta yi miki yawa a kafaɗa," ta shige ɗaki. Sai da na yi sati ina zarya kafin ta sake.

Shekara ashirin da ɗaya bayan tafiyar Saje, maganar ta sake tasowa. Wata ƙasar ce daban, amma buƙatar iri ɗaya, kuma a wannan karon har da rukunin asibiti. Sunan Tilo na uku a jerin ma'aikatan jinya.

Ban taɓa ganin magana ta raba mutane irin wannan ba. A rediyo ita ake yi, a tasi ita, a ɗakin malamai na makarantarmu har wasu biyu suka daina gaisawa. A majalisa kuwa ƙuri'a ta yi kankankan, an ce mutum bakwai ko takwas ne ba su tsayar da ra'ayi ba, kuma inda suka karkata nan za a tafi. Jagoran masu cewa kada a tura wani ɗan majalisa ne da ake kira Lauya, mutum mai iya magana, mai haƙurin karanta takardu. Yaya da ba ta taɓa yabon ɗan siyasa a gabana ba, ta ce mini, "Wannan ya san abin da yake faɗa. Ina sa shi a addu'a."

Kafin a kai maganar zaure, sai da kwamitin tsaro ya yi zaman sirri. A irin wannan zama ba a barin 'yan jarida, ba a kunna rakoda, sai marubuci ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma washegari a raba wa kowane ɗan majalisa kwafin abin da aka tattauna kafin ya jefa ƙuri'a. Yaya aka zaɓa, don ita ce mafi daɗewa a sashen.

Ɗakin ƙarami ne, dogon tebur ɗaya, mutum goma sha ɗaya, da minista da hafsoshi biyu a gefe. Lauya ya fara da kyau. Ya tambayi ranar dawowa, ba a ba shi ba. Ya tambayi jirage masu saukar ungulu nawa aka tanada don kwashe waɗanda suka ji rauni. Minista ya dubi hafsan da ke damansa, hafsan ya dubi takarda, minista ya ce, "Za a duba." Yaya ta rubuta, zuciyarta na cewa a ƙara matsa masa.

Sai wata dattijuwar 'yar majalisa, likita ce kafin ta shiga siyasa, ta ɗauko rahoto ta fara karanta adadin yaran da aka kashe a garuruwa uku cikin wata biyu. A hankali take karantawa, gari bayan gari. Lauya ya katse ta sau biyu, ba ta kula shi ba. A na uku ya buga tebur.

"To su ƙare mana! In sun ga dama su kashe juna har na ƙarshensu. Dubu ɗinsu ba su kai takalmin sojanmu ɗaya ba."

Shugaban kwamiti ya gyara tabarau ya jira ko zai janye. Bai janye ba. Shugaban ya ce, "A ci gaba." Hannun Yaya ya riga ya ɗauke maganar kafin ma kanta ya gama fahimtarta.

Ƙarfe goma sha biyu aka tashi. Ta zauna za ta fara bugawa ke nan sai ga Lauya da kansa a ƙofar ofis, abin da ba a taɓa gani ba, ɗan majalisa a ƙasan bene. Shugaban sashe ya miƙe, ya kori sauran ma'aikata, ya ba shi kujera.

"Malama, sannu da aiki," in ji Lauya. "Na zo neman alfarma ne. Kin ji abin da ya fita daga bakina ɗazu. Zuciya ce ta ɗebe ni, ba haka nake nufi ba."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Abin da nake nufi shi ne ba za mu iya ɗaukar nauyin kowa ba. Ki sa haka."

"Ranka ya daɗe, ƙa'ida ta yarda a gyara tuntuɓen harshe, ko adadi in an yi kuskure. Ba ta yarda a canja ma'ana ba. Amma in ka miƙe a zaure ka ce ka janye, wannan ma zan rubuta."

"In na miƙe na janye ai na tabbatar na faɗa ke nan." Ya matso da kujerar, ya sassauta murya. "Ba don kaina nake roƙo ba. Mutum takwas ɗin nan in suka ga wannan layin gobe da safe, babu mai yarda a gan shi a bayana. Waɗanda suka ji a ɗakin, maganar baki ce, zan iya cewa ƙazafi ne. Abin da ke littafinki ne kawai ba zan iya musawa ba. Kuma an gaya mini 'yarki tana cikin masu tafiya."

Yaya ta dubi shugaban sashe. Shi kuwa ya dubi fanka ya ce, "Ke kika shiga ɗakin. Abin da kika kawo mini shi zan sa wa hannu. Ƙarfe huɗu za a kai wa masu ɗab'i."

Lokacin hutun rana ta ɗauki jaka ta fita, abin da ba ta saba ba, ta hau tasi zuwa gareji. Ta tarar da Saje a ƙarƙashin wata motar haya, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ta zauna a benci. Da ya fito ya gan ta, ya ɗaga murya yadda ya saba, har masu shagon da ke tsallaken titi suka waiwayo.

"Yau kuma majalisa ce ta zo gareji? Lafiya?"

Maganar sirri ce da ta yi rantsuwa a kanta, kuma mijinta ba a yi masa raɗa. Duk abin da za ta gaya masa sai ta faɗa da ƙarfin da direbobi huɗun da ke jiran motocinsu za su ji. Ta ce masa iska kawai ta fito sha. Ya aika aka sayo mata ruwan sanyi, ya koma ƙarƙashin mota yana 'yar waƙarsa da ba shi da labarin ta karkace. Ta yi kusan rabin awa tana kallon tafin takalminsa, sannan ta tashi ta koma ofis.

Ta buga zaman gaba ɗaya yadda ya gudana. Maganar Lauya ta fito a shafi na goma sha bakwai. "Za a duba" ɗin minista ta fito a na tara. Ƙarfe huɗu saura ta miƙa.

Na taɓa tambayarta dalili, bayan komai ya wuce. Ta ce, "Kada ki ɗauke ni wata waliyiya. Wallahi ba mutanen can na tuna ba, Tilo kaɗai ce a raina. Amma na ga in na canja layi ɗaya don ya yi mini daɗi, to duk abin da na rubuta shekara talatin da uku ya tashi daga maganarsu ya koma tawa. Kuma na san ranar da za a dawo da 'ya'yan mutane a akwati, dole a samu inda za a buɗe a ga wane ne ya ce me."

Kwana biyu tsakani wani ya miƙa wa 'yan jarida shafin. Ba Yaya ba ce, ko da yake an zarge ta, har aka kira ta gaban magatakardan majalisa ta yi bayani. Maganar ta cika gari. Waɗanda jiya suke yabon Lauya suka fara cewa su dama can ba sa tare da shi. Tambayoyinsa masu kyau, na jirage da na ranar dawowa, babu wanda ya sake tada su, don duk wanda ya tada sai a ce ɗan takalmi ne. Ranar ƙuri'a masu cewa a tura suka yi rinjaye da uku. Ko shafin ne ya jawo, ko dama can haka za a yi, babu mai iya rantsewa. Yaya dai ta ɗauka a kanta.

Da yamma, bayan sun isa gida, ta zaunar da Saje a falo, ta rufe tagogi, ta gaya masa komai a kunnen dama. Ina ganin ta zaci shi ne mutum ɗaya a duniya da zai ce ta yi daidai, shi da ya shekara ashirin yana kare irin wannan tafiya.

"Wato a hannunki abin yake," ya ce, a karon farko cikin shekaru da murya ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba ko a hannuna yake."

"Layi ɗaya. Da kin goge."

"Kai ne fa kake cewa janareta, kake cewa gada."

"Ni na je! Ni na ga abin da ya rage na abokina a kan titi, ni na tattara. Da ni za a sake turawa da na ɗauki jakata yanzu. Ita ɗaya gare mu."

Ya tashi ya fita baranda. Kusan wata guda bai yi mata magana ba in ban da gaisuwa. Amma ko rana ɗaya bai fasa ba, ƙarfe huɗu da rabi motarsa na bakin ƙofar majalisa. Ta shiga, su taho shiru har gida.

Ranar tafiya, da safe aka yi sallama da su Tilo a filin bariki. Iyalai a bayan igiya, sojoji a jere da jakunkuna a gabansu, wani babban hafsa ya yi jawabi da lasifika mai ƙara. Da aka ba da minti goma na bankwana, Tilo ta zo ta rungume ubanta, ya yi ta gaya mata yadda ake gane hanyar da aka tona aka mayar da ƙasa, da cewa kada ta taɓa hawa motar farko a ayari. Ta juyo wurin uwarta.

"Umma, ki daina wannan fuskar. Asibiti zan zauna, ba fagen daga ba."

"Ki riƙa cin abinci," in ji Yaya. Abin da ta iya faɗa ke nan.

Sannu a hankali Saje ya sauko. Kiran wayar Tilo na ranar hutu ne ya haɗa su, don shi ba ya ji a waya, sai Yaya ta saurara ta maimaita masa, kuma ya san ba za ta rage masa ko kalma ba, mai daɗi ko marar daɗi. A wata na bakwai da tafiyar, wata ranar Talata da hantsi, ya faɗi a gareji da sufana a hannu. Jini ne ya hau masa kai. Ya kwana uku a asibiti, ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi, bakinsa ya karkace. Yaya ta yi ta neman a ba Tilo izini, aka ba ta, amma hanyar da ke tsakanin sansaninsu da filin jirgi a rufe take saboda faɗa, babu ayarin da zai fita sai bayan kwana goma. Ranar Juma'a da safe ya cika, hannunsa mai motsi yana riƙe da gefen mayafin Yaya. Ni na kira Tilo na gaya mata, don uwar ta kasa. Layin yana yankewa, sai da na faɗa sau uku kafin ta ji.

Cikin masu zuwa ta'aziyya har da Lauya. Ya zo shi kaɗai ba rakiya, ya zauna a tabarma cikin direbobi da tsofaffin sojoji, ya yi addu'a. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakin mata ya ce, "Malama, Allah ya ba da haƙuri. Ni na faɗa, ke rubutawa kika yi." Yaya ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe." A zaɓen da ya biyo baya ya rasa kujerarsa.

Tilo ta dawo bayan shekara guda cif, ta rame, ta yi duhu, ba ta son a rufe ƙofa da ƙarfi. Mutum goma sha tara ba su dawo da rai ba a bataliyarsu. Biyu daga ciki a hannunta suka cika, suna jiran jirgin da bai iso ba sai bayan awa tara. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, aka ɗauko rahoton zaman sirrin aka karanta wa minista amsarsa a gabansa. Ya sauka daga muƙami, aka sayi jirage biyu. Yaya ba ta halarci zaman ba, lokacin ta riga ta ajiye aiki.

Ni na raka su maƙabarta ranar da Tilo ta fara zuwa kabarin ubanta. A hanyar dawowa, cikin tasi, Yaya ta gaya mata maganar shafin, ba ta ɓoye komai ba, har da abin da Saje ya ce a falo. Direban ya rage ƙarar rediyo da kansa.

"Na karɓi haihuwa ɗari da wani abu a can, Umma," in ji Tilo. "Wasu a ƙasan tanti, wasu a bayan mota. Ban sani ba ko ya kai mutum goma sha tara. Ban iya wannan lissafin ba." Sannan ta ƙara, "Ko da ba a sa sunana ba, da na nemi a sa."

Yaya ta ce mini har yau ba ta san ko gaskiya Tilo ta faɗa ba, ko kuwa ta faɗa ne don ta sauke mata kaya. Ba ta sake tambayarta ba.

Yanzu suna zaune tare a wani gida mai ɗaki uku kusa da asibitin sojoji, inda Tilo ke shugabantar sashen haihuwa. Ta yi aure, ta haifi 'yan mata biyu. Yatsun Yaya sun kumbura da sanyin ƙashi, ko maɓallin riga sai an taya ta, amma ita ke kai babbar jikarta makaranta da safe ta ɗauko ta da rana. Ni nakan je musu duk ranar Asabar, mu zauna a baranda mu yi hirar 'yan uwa da ciwon gwiwa. Bara an sake kiran Tilo a wata tafiyar, ta roƙi a ɗaga mata sai ƙaramar ta yi wayo, aka ɗaga mata shekara biyu. Saura wata goma sha ɗaya.